Darasi na Tara: Tulun Mutanen Zuni

Malamin aji ya baje taswirar duniya, ya nuna wa kowa ƙasar Amurka kafin a fara karatu.

A kudu maso yammacin Amurka akwai wata jiha da ake kira Niyu Meziko. Ruwan sama ba shi da yawa a can. Ƙasar ja ce, ga manyan duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai kamar tabarma. Tun kafin Turawa su san da wannan nahiya akwai mutane a wurin, suna noman masara da wake da kabewa, suna gina gidajen ƙasa da dutse, ɗaki a kan ɗaki. Da Sifaniyawa suka zo sai suka sa musu suna Pueblo, wato gari a harshensu. Ku karanta kalmar haka: Fu-we-bu-lo. Yau garuruwan Pueblo 19 ne a jihar, kuma suna da 'yan'uwa, mutanen Hopi, a jihar Arizona. Zuni ɗaya ne daga cikin 19 ɗin. Su kansu Ashiwi suke kiran kansu.

Abin mamaki, baƙon farko daga ƙetaren teku da ya taka ƙasar Zuni ɗan Afirka ne. Sunansa Estevanico, bawa ne daga garin Azemmour na Maroko. Ya isa a 1539, a can kuma aka kashe shi. A 1540 rundunar wani jagoran Sifaniyawa mai suna Coronado ta biyo baya. Mutanen Pueblo sun sha wuya a hannun Sifaniyawa, har suka haɗa kai suka kore su a 1680, ko da yake sun dawo bayan shekara 12. Duk wannan rikici bai sa mata sun daina ginin tukwane ba, domin sana'ar ta girmi zuwan baƙin da fiye da shekara dubu.

Yadda ake shirya yumɓu

Maginiyar tukwane a Zuni ba ta ɗibar yumɓu haka kawai. A al'adarsu ƙasa uwa ce, don haka sai ta yi roƙo irin nasu, ta zuba ɗan garin masara a wurin, sannan ta haƙa. Idan ta kai gida ta jiƙa yumɓun, ta tsince tsakuwa da saiwa.

Yanzu ku tsaya ku saurara da kyau, nan ne zuciyar darasinmu. Sai ta ɗauko tsingaro, wato fasassun tsofaffin tukwane, ta niƙa shi a dutsen niƙa har ya zama gari, ta cuɗa da yumɓun. Me ya sa? Yumɓu zalla yana tsukewa idan yana bushewa, kuma a wajen tsukewar ne yake tsagewa. Tsingaro kuwa ya riga ya sha wuta, ba ya ƙara tsukewa. Shi ne yake riƙe jikin tukunya, ya ba danshi hanyar fita sannu a hankali. Mutanen Zuni da maƙwabtansu na Acoma duk haka suke yi. Wani tsingaron na tukunyar gida ne da ta fashe, wani kuma a kufai ake tsinto shi, inda kakanni suka zauna shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Ke nan tulun da aka gina bana yana iya ɗauke da ɓurɓushin tulun da wata mata ta gina tun kafin Coronado. Ni dai a duk abin da na karanta game da mutanen nan, babu wanda ya tsaya mini a rai kamar wannan.

Ba kowane gari ne yake amfani da tsingaro ba. A Taos da Picuris yumɓunsu yana da ƙyalƙyali a ciki, yana jure wuta da kansa, shi ya sa tukwanensu suka yi suna wajen dafa wake.

Gini, shafe da zane

Ba su da injin juya tukunya, da hannu ake komai. Maginiya tana danna yumɓu a cikin wani ɗan kasko don ya zama gindi. Sai ta murza wani yumɓun ya yi tsawo kamar igiya, ta ɗora a kewaye, ta manne da yatsu, ta sake murza wani ta ɗora. Haka jikin tulu yake tashi. Da sakaina take kankare shi ciki da waje har ya yi sirara daidai. Gindin tulun ruwa a lotse yake, don ya zauna daram a kan mai ɗauka. Har yau akwai matan Zuni da suke rawa da tulu a ka ba tare da sun riƙe ba.

Idan ya bushe a inuwa, sai a dama farar ƙasa a shafe shi, a goge da ɗan dutse mai santsi har ya yi sheƙi. Irin dutsen nan uwa kan bar wa 'yarta gado. Baƙin launi daga wani ganyen daji ake samunsa, a dafa shi har ya yi kauri, a haɗa da garin dutse mai ƙarfe-ƙarfe. Ja kuma daga ƙasa. Alƙalamin zane ganyen wani tsiro ne mai suna yuka. Ana tauna bakinsa kamar mai tauna asuwaki har zarensa ya fito, sai a rage zaren gwargwadon sirantar layin da ake so.

Wanda ya ga tulun Zuni sau ɗaya zai gane shi ko'ina. Farin jiki, zane baƙi da ja, sannan barewa a tsaye cikin wani lanƙwasasshen zane da suke kira gidanta. Daga bakin barewar akwai jan layi da ya miƙe har zuciyarta, alamar numfashi da rai. Akwai kuma tsuntsun ruwan sama. A kan kwanonin da suke zuba garin masara na al'ada za a ga kwaɗi da talibambam da mazari, bakin kwanon kuma hawa-hawa kamar matakala, alamar gajimare. Ku lura, kusan duka abubuwan ruwa ne. Wanda gonarsa ke jiran hadari ya san dalili. Wani abu kuma: layin da ya kewaye wuyan tulu, sau da yawa ba a haɗe bakinsa. Da gangan ake barin 'yar kafa.

Gashi a fili ake yi, ranar da babu iska. A jera tukwane, a kāre su da manyan tsingaro don kada wuta ta ɓata zanen, a lulluɓe da busasshen kashin tumaki, a kunna. Tumakin Sifaniyawa ne suka kawo su. Idan danshi ya saura a jikin tukunya, nan take za ta fashe, aikin makonni ya tafi. Amma ba za a zubar da ita ba, kun san inda za ta koma.

Yadda sana'ar ta kusa mutuwa

Wajen 1880 jirgin ƙasa ya iso yankin, bokiti da kwanon ƙarfe suka shigo da araha. A 1879 kuma masu bincike daga cibiyar Smithsonian ta birnin Washinton suka fara zuwa Zuni, suka saye tukwane dubbai suka tafi da su. An adana su, gaskiya ne. Sai dai yarinyar da za ta koyi zane daga tulun kakarta ta tashi babu tulun a ɗaki, kuma a ganina wannan asara ce babba. Daga baya mutanen Zuni da yawa suka koma ƙirar azurfa, wadda ta fi kawo kuɗi, magina suka ragu ƙwarai.

A wasu garuruwan tsingaro ne ya farfaɗo da sana'ar. Wata mata mai suna Nampeyo, a ƙasar Hopi, ta riƙa nazarin fasassun tukwanen wani kufai da ake kira Sikyatki, ta dawo da tsofaffin zanensu. Ta rasu a 1942. A garin San Ildefonso kuma, Mariya Martinez da mijinta Julian suka fito da baƙar tukunya mai baƙin zane, wani wuri yana sheƙi, wani ba ya yi. Dabarar ita ce a turnuƙe wutar da garin kashin dabbobi, hayaƙi ya rasa hanyar fita, jan yumɓu ya koma baƙi ƙirin. Mariya ba ta ɓoye dabarar ba, ta koya wa mutanen garinsu. An haife ta a 1887, ta rasu a 1980.

A Zuni makaranta ce ta ceto abin. Daisy Hooee, jikar Nampeyo, ta yi aure a garin, ta koyar da ginin tukwane a makarantar sakandare. Bayanta Jennie Laate, 'yar Acoma, ta ci gaba. Yau maza da mata suna gini a Zuni. Wasu suna gashi da wutar lantarki, wasu suna nan kan kashin tumaki. Kowace shekara a watan Agusta magina daga garuruwan Pueblo suna kai kayansu babbar kasuwar birnin Santa Fe, wadda aka fara a 1922.

Aikin aji

Ku karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sannan ku rubuta kowace sau uku: yumɓu, tsingaro, sakaina, tulu, barewa, kufai. Ku kula da ƙugiyar ɓ.

Ku amsa da baki: me ya sa ake zuba garin tsingaro a yumɓu? Idan akwai maginiya a ajin nan, ta gaya mana abin da ita take haɗawa da nata.

Lissafi: ku cire 1887 daga 1980. Ku cire 1540 daga 1680.

Aikin gida

Ku samo yumɓu cikin hannu biyu, ku raba gida biyu. Ku daka ɗan tsingaro ya yi laushi, ku cuɗa da kaso ɗaya kawai. Ku gina ƙaramin kasko da kowane kaso ta hanyar murza igiya, kaurinsu ɗaya. Ku ajiye su tare a inuwa kwana huɗu. Ranar darasi na gaba ku zo da su duka biyu, ko da ɗaya ya tsage, kowa ya rubuta jimla biyu a kan abin da ya gani.