Yadda Ake Haɗa Waƙar Cingam Mai Kama Kunne, a Kuma Ci Moriyarta

Salon bubblegum pop, waƙar cingam, ya yi tashe a Amurka daga 1967 zuwa farkon shekarun 1970, lokacin da furodusoshi irin su Jerry Kasenetz da Jeffry Katz suka riƙa fitar da gajerun waƙoƙi masu zaƙi don yara da 'yan makaranta ta kamfanin Buddah Records. Matasan unguwannin Aboabo ko Asawase masu son kafa ƙungiya su saki waƙa guda da za ta karaɗe Kumasi suna da abin ɗauka a nan, suna kuma da abin gudu.

Ku fara da amshi, baiti ya biyo baya. Kalma huɗu zuwa takwas sun isa, kuma karin kada ya yi sama sosai har yaro ya kasa bi. Ƙungiyar 1910 Fruitgum Company wasan yara ta ɗauka ta mayar da shi "Simon Says", ya sayu sosai a 1968. Mu ma muna da waƙoƙin gaɗa da tafin dandali, sai dai ku ɗauki salon ku sa kalmominku. A Kumasi, layi guda na Twi cikin amshin Hausa yakan kai waƙa har kasuwar Kejetia. Gwajin mai sauƙi ne: ku rera wa ƙanenku ɗan shekara bakwai sau biyu da safe. In da la'asar bai maimaita ba, ku sake rubutu.

Amshi ya shigo kafin daƙiƙa 30. Spotify ba ya ƙirga sauraro sai an kai nan, kuma DJ a wurin biki ba ya jiran doguwar shimfiɗa. Tsawon waƙa minti biyu da rabi zuwa uku, baiti biyu, amshi uku, saurin kiɗa bugu 100 zuwa 120 a minti.

A situdiyo ku ɗauki muryar amshi sau uku: ɗaya a tsakiya, ɗaya hagu, ɗaya dama. Tafi kuwa a tara mutum huɗu ko biyar su yi da hannu, ya fi na kwamfuta rai. In muryar tana karkarwa bayan an sa Auto-Tune, manhajar daidaita murya, galibi an saita shi a kan makullin sauti (key) da ba na kiɗan ba ne. Kafin ku karɓi aiki ku saurara a lasifikar waya. Waya tana haɗiye sauti mai kauri (bass), don haka dole murya da fiyano su riƙe karin su kaɗai.

Inda aka fi faɗuwa shi ne takarda. "Sugar, Sugar" ta The Archies ta yi mako huɗu a saman Billboard, jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, a 1969, alhali ƙungiyar zanen katun ce. Ron Dante ne ya rera, Jeff Barry da Andy Kim suka rubuta. "Yummy Yummy Yummy" ta fito da sunan Ohio Express, amma Joey Levine ne ya rera ta da makaɗan situdiyo, 'yan ƙungiyar suna can suna yawon wasa. A wannan tsari furodusa ke riƙe da suna, yana iya canza fuskoki yadda ya so. 'Yan Bay City Rollers na Sikotilan, da suka girgiza duniya a tsakiyar shekarun 1970, a 2007 suna kotu da kamfanin Arista kan kuɗinsu.

Saboda haka kafin ku bar situdiyo, a rubuta sunan kowa da kasonsa cikin ɗari: mai kalmomi, mai kari, mai kiɗa. A rubuta wa ya mallaki ainihin sautin da aka ɗauka, wa ya mallaki sunan ƙungiya, da abin da zai faru in wani ya fita. Kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu. Kunyar "ai ɗan'uwana ne" tana raba zumunci ranar da kuɗi ya shigo. Ku tambayi mai kiɗa ƙarara: haya ce ko sayarwa? Kiɗan haya, mai shi yana iya sayar wa wani, in wancan ya riga ku yin rajista, YouTube zai karkata kuɗin tallan zuwa gare shi. Ku yi rajista da GHAMRO, masu karɓo wa mawaƙa kuɗin sa waƙa a rediyo da wuraren taro, da Ofishin Haƙƙin Mallaka da ke aiki da dokar 2005. Asusun DistroKid ko TuneCore, masu rarraba waƙa a intanet, ya kasance da imel ɗin ƙungiya, ba na manaja ba.

Ku ɗora fayil ɗin sauti na WAV da hoto mai girman pixel 3000 a 3000 a wannan asusun mako huɗu kafin ranar fita, ku haɗa da Audiomack da Boomplay. Ku yanke daƙiƙa 15 na amshi da rawa mai sauƙi don TikTok, ku kai wa masu kiɗan aure da suna. Kada ku saki waƙa cikin azumi. Ku kammala shiri a watan, ku saki daren Sallah.

Waƙa ta biyu ta kasance a hannu tun kafin ta farko ta fita, a sake ta cikin wata biyu zuwa uku. Masu sauraron wannan salo yara ne, cikin shekara biyu ko uku kunnensu ya canza, don haka daga waƙa ta huɗu ku fara ƙara wa baitoci nauyi, amshi ya zauna yadda yake.