Yadda na gyara nauyin PS4 ɗin shagona

Sati biyu PS4, na'urar wasan bidiyo ta shagona a Garwa, tana jan ƙafa. Kafin wasan ƙwallo ya buɗe, yara sun cinye gyaɗarsu sun fara neman a mayar musu da kuɗinsu. Abin ya faro ran da aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa.

Na zargi ƙurar hunturu, na hure fanka. Ƙara ta ragu, nauyi na nan. Ƙanena ya rantse sabunta manhajar na'urar ce magani. Na sa fayil ɗin sabuntawar, PS4UPDATE.PUP, a filashi mai tsarin ajiya na FAT32, cikin jakar UPDATE da ke cikin jakar PS4. Ta sabunta lafiya, amma jiya i yau. Ƙarin gudun da sabuntawar manhaja ta 4.50 ta kawo a 2017 ma na samfurin PS4 Pro ne kaɗai, tawa kuwa samfurin Slim ce.

Ga abin da ya yi aiki: na kashe ta gaba ɗaya, na danne maɓallin kunnawa har ƙara ta biyu, wajen daƙiƙa 7. Na haɗa hannun wasa da wayar USB, na danna maɓallin PS na jikinsa, na zaɓi lamba 5 a jerin da ya fito a allo, mai sake tsara bayanan faifai. Ba ta goge wasa ko ɗaya ba. Bayan rabin awa ta dawo garau.

Alhamdulillahi. Kuɗin data kuwa, ƙanena zai biya.