Yadda za ka yanki tikitin jirgin sama na zuwa daban, na dawowa daban, idan za ka hau jirgin ruwan yawon buɗe ido

Kawuna mai fataucin riɗi a kasuwar Maigatari, ɗansa da ke aiki a Turai ya biya masa kuɗin yawon mako guda a jirgin ruwa. Jirgin zai ɗebi mutane a Basalona ta ƙasar Sifaniya, ya sauke su a tashar Rum ta ƙasar Italiya. Kawu ya kira ni ya ce, "Ɗana, zo ka duba mini, ta ina zan je, ta ina zan dawo?" Irin tikitin zuwa da dawowa da muka saba yanka na Umara ba zai yi ba, tunda garin da zai sauka daban ne da wanda zai taso daga cikinsa. Ga yadda muka bi.

Fara da takardar jirgin ruwan. Rubuta ranar tashi, ranar sauka, da kowace tashar da zai tsaya a hanya, domin a kansu za ka gina komai.

Sai biza da fasfo. Sifaniya da Italiya duk bizar Shengen ɗaya ce ke shigar da mutum cikinsu, amma idan jirgin zai leƙa Tunisiya ko Turkiyya sannan ya komo, nemi biza mai shiga fiye da sau ɗaya, ka kuma binciki sharaɗin ita ƙasar. Don bizar Shengen ana buƙatar inshorar lafiya ta akalla Yuro 30,000. Fasfo ya rage masa wata 6 bayan ranar dawowa, haka yawancin kamfanonin jiragen ruwa ke so. Katin rigakafin cutar shawara ma ya kasance cikin jaka.

Yanzu tikitin zuwa. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano za a yada zango a wani wuri, kamar Alƙahira ko Addis Ababa. Tabbatar cewa daga Kano har Basalona duk tikiti ɗaya ne. In jirgin farko ya makara, kamfani ne zai sa ka a na gaba, kayanka kuma su wuce kai tsaye. In ka tsinka hanyar gida biyu don neman arha, sai ka ɗauki kaya a tsakiya ka sake awo, wataƙila ma sai da bizar ƙasar, kuma in jirgi na biyu ya tafi ya bar ka, kuɗinka sun bi ruwa. Ka isa kwana ɗaya ko biyu kafin ranar tashi, musamman lokacin hunturu da hazo ke hana jirage tashi a Kano. Jirgin ruwa ba motar tasha ba ce da za ta jira ta cika.

Abin da na fi nanata wa Kawu shi ne na dawowa: yanke shi kafin ka bar gida. Kada wani ya ce maka ka bari sai ka je can. Ma'aikacin da ke awon kaya a Kano, da ya ga tikitin zuwa kaɗai, zai tambayi shaidar cewa za ka fita daga ƙasar, domin idan jami'an shige da fice suka ƙi karɓarka, kamfanin jirgin ne zai maido ka, ya kuma biya tara. Buga takardu uku a kan takarda: tikitin zuwa, shaidar biyan jirgin ruwa, tikitin dawowa. Waya tana mutuwa a daidai lokacin da ake buƙatarta.

Wajen zaɓen lokacin dawowa, lura cewa tashar da ake kira ta Rum a garin Cibitabekiya take, kimanin kilomita 80 daga birnin. Jirgin ruwa kan iso da sassafe, amma sauke dubban mutane da kayansu yana cin sa'o'i. Mun zaɓar wa Kawu jirgin sama na yamma.

Kafin ka biya, sa mai yankan tikiti ya gwada maka farashin tikiti guda mai sauka a wani gari ya taso daga wani. Sau da yawa ya fi guda biyun sauƙi. Kada dai ka sayi na zuwa da dawowa da niyyar tsallake na zuwan, domin da zarar ba ka hau na farko ba, kamfani zai soke ragowar.

Duba nauyin kayan da kowane tikiti ya yarda da shi, don ba lallai su zo ɗaya ba. Na Kawu na zuwa akwati biyu ne, na dawowa ɗaya, sai muka biya kuɗin na biyun tun daga gida saboda tsarabar iyali.