Kalmar Dissection da Wuraren da Ake Amfani da Ita

Kalmar dissection ta shigo Turanci ne daga Latin, inda dis ke nufin rabawa, secare kuma ke nufin yankawa. Ana furta ta disekshan, wasu kuma su ce daisekshan, amma a rubuce harafin s biyu ne a jere. Aikatau ɗinta shi ne dissect.

Ma'anarta ta farko ita ce feɗe dabba, ko tsiro, ko gawar mutum, domin a ga yadda sassan ciki suke a jere. Manufar ce ta bambanta ta da sauran yanka. Mahaucin da ya feɗe rago don ya sayar da nama bai yi dissection ba, amma ɗalibin sakandare da ya kwantar da mataccen kwaɗo rigingine a kan allo, ya kafe ƙafafunsa da allurai, ya tsaga fatar cikin a hankali da almakashi har ya ga hanta da hanji, shi ya yi. Haka ɗaliban likitanci suke yi wa gawa. Andreas Vesalius, malami a jami'ar Padua ta ƙasar Italiya, da hannunsa ya riƙa feɗe gawarwaki, kuma littafin da ya fitar a 1543 ya gyara kurakurai masu yawa da likitoci suka gada.

Ma'ana ta biyu ba ta buƙatar wuƙa ko kaɗan. Idan jarida ta ce an yi dissection na kasafin kuɗi ko na jawabin gwamna, ana nufin an bi shi dalla-dalla, wato abin da Bahaushe ke kira feɗe biri har wutsiya. A nan harsunan biyu sun yi tarayya a hoto guda.

Ta uku ita ce wadda ya kamata a kiyaye sosai. Idan aka ga aortic dissection a takardar asibiti, ba likita ne ya yanka wani abu ba. Fatar ciki ta babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya ce ta tsage, jini ya kutsa tsakanin bangon jijiyar, kuma mai wannan ciwo yana buƙatar taimakon gaggawa.

Aikin yi: a rubuta jimla ɗaya da Hausa a kan kowace ma'ana, sannan a karanta wa abokin zama.