Yadda za ka karanta Shaihu Umar da ɗaliban da aka haifa a Sudan, har ku mai da shi wasa

Ina koyarwa a Gadarif, a gabashin Sudan, kuma da yawa cikin ɗalibaina Hausawa ne haifaffun nan. A gida Hausa suke yi da kakanninsu, a makaranta kuwa Larabci. Ka miƙa musu littafin Hausa na boko, sai ka ga yaro ya tsaya cak a kan ƙ da ɗ, don bai taɓa gamuwa da su a takarda ba. Duk malamin da ke son kai musu tsofaffin littattafanmu, daga nan zai faro. Ni da Shaihu Umar na soma, shi kuma nake ba kowa shawara.

Littafin ba shi da tsawo. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi don gasar ƙagaggun labarai ta 1933, aka buga shi a 1934. Labarin wani yaro ne mai suna Umar da aka sace, aka sayar a Kano, aka tsallaka Sahara da shi, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Yaranmu sun san tafiya. Kakannin wasu sun biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903, wasu kuma aikin hajji ya taso da su a ƙafa, suka yada zango a yankin Jazira na Sudan suna tsintar auduga, zangon ya zama gida.

Kada ka raba musu littafi ka ce su karanta a gida. Kwafi ɗaya ya isa. Ku zauna bayan la'asar a rumfa, wadda a nan muke kira rakuba, kai ka karanta da ƙarfi, shafi uku ko huɗu, ka tsaya daidai inda ransu ya rataya. In an ci karo da kalma irin madugu ko ayari ko fatake, kada ka fassara da Larabci. Ka ce kowa ya je ya tambayi habobarsa, wato kakarsa. Wata tsohuwa da jikarta ta tambaye ta ma'anar madugu ba ta aiko da amsa ba, ita da kanta ta zo washegari da sandarta, ta zauna ta ba mu labarin wanda ya ja ayarin iyayenta daga Barno. Ranar ko shafi ɗaya ban karanta ba.

Inda aikin yake shi ne gardama. In kun iso wurin Abdulkarim, Balaraben da ya tafi da Umar ya riƙe shi kamar ɗansa ya ba shi karatu, ka rufe littafin ka tambaye su: mutumin kirki ne? Wata ɗalibata ta ɗaga hannu ta ce, "Ustaz, in na kirki ne, me ya hana shi neman uwar yaron?" Wani ya ce ai ba don shi ba da Umar bai zama shaihu ba. Ta ce to karatun ya biya kukan uwarsa? Karon farko da aka yi wannan, na katse su, na ce haka zamanin yake. Har yau ina nadama, domin yarinyar ba ta sake magana ba sai bayan mako biyu. Ka bar su su ja. Yaron da aka taɓa jifansa da kalmar bawa a layin burodi, ko aka ce masa Fallata da gatse, sunan da ake kiran 'yan asalin Afirka ta Yamma da shi a nan, yana da abin faɗa a kan littafin nan wanda kai ba ka karanta ko'ina ba. Naka shi ne ka hana zagi, ka kuma tuna musu cewa waɗanda suka kai hari suka kama mutane a labarin, namu ne, Hausawa. Wannan yana yi musu ɗaci, amma kada ka tsallake shi.

Sai rubuta wasan. An riga an mai da littafin wasan kwaikwayo a 1975, an yi fim ɗinsa a 1976, amma ni na fi son yara su rubuta nasu. Su rubuta da haruffan Larabci, tun da su hannunsu ya saba da su, kuma ajami ai gadonmu ne. Fitowa shida ta wadatar. Ka zaunar da ɗalibi guda a kan buzu a gefe, shi ne Shaihu tsoho yana ba almajiransa labari a Rauta, garin da ya zauna daga ƙarshe, duk abin da ba ku iya nunawa sai ya faɗa da baki.

Kafin ka raba matsayi, ka taka gidan kowace yarinya ka gaida mahaifinta ka nemi izini. Wanda ya ce a'a, ka yi godiya, 'yarsa ta riƙe rubutu. Kuma don Allah kada ka zaɓi mai fitowa bawa da mai fitowa Balarabe ta launin fata. Yara da kansu za su so yin haka, ka hana. Mu ƙuri'a muka jefa. Igiya ma ban yarda a sa wa kowa a wuya ba, su riƙe ta a hannu, masu kallo sun gane.

Kayan wasa ba sa cin kuɗi: angarib ɗaya, wato gadon itace da igiya, ya zama gadon sarki, jallabiya da rawani na aro. Guguwar yashin da ta binne ayari a labarin, yara huɗu ne suka riƙe tob biyu, wato lafayar mata, masu ruwan ƙasa suna kaɗawa a kan 'yan wasa. Wanda ya girma da habub, guguwar ƙurar Sudan, ba sai an koya masa yadda ake rufe fuska ba.

Fitowar ƙarshe, inda Umar ya sadu da uwarsa a Tarabulus kuma ba ta daɗe ba ta rasu, ita ce nake roƙonka ka bi a hankali. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, akwai yara a gabanka da suka baro Khartoum ko Madani, wasu ba tare da iyayensu ba. Ka sanar da su tun kwana ɗaya abin da za a gwada, ka ce wanda ba zai iya ba ya je ya ɗebo ruwa, ba wanda zai tambaye shi. A wurinmu uku sun fita. Ɗaya ya dawo ya ce shi yake son fitowa Umar, na ba shi.

Ku yi wasan tsakanin la'asar da magariba, kada ku dogara da wutar lantarki. Ku shimfiɗa wa tsofaffi tabarma a gaba, ku dafa jabana, wato gahawa, kuma ku bar rabin sa'a bayan an gama, don dattawa za su so su gyara muku labarin hanya.