Kafin ku jefar da rimot ɗinku

Salamu alaikum 'yan uwa. Rimot ɗin talabijin ɗinmu ya yi wata guda sai an danna da ƙarfi kamar ana matse lemun tsami. Har na shirya zuwa kasuwar Wunti in sayo sabo, sai na ce bari in buɗe tukuna.

Ku fara gwada shi: ku saita kansa ga kyamarar waya ku danna. In kun ga ɗan haske yana ƙiftawa, yana da rai.

Ku cire batir, ku ɓamɓare murfin a hankali da tsohon katin ATM. Abin da na tarar a ciki, ƙurar hunturu ce ta haɗu da maiƙo, har da busasshen kunun yara! Robar maɓallan ku wanke da ruwan sabulu, ku bar ta ta bushe ƙarau. Allon lantarkin da ke ƙarƙashin robar kuwa kada ruwa ya taɓa shi, auduga da sifirit kawai.

Baƙin ɗigon da ke ƙasan kowane maɓalli shi ke haɗa wuta. Wanda ya goge, ku shafa masa fensir 2B. Na ƙarin murya ne ya fi ba ni wahala, sai da na maimaita sau biyu.