Yadda ake shirin digiri na biyu a fannin mutum-mutumi

Fannin mutum-mutumi a kan duwatsun murhu uku yake zaune: injiniyancin makanikai, na lantarki, da kimiyyar kwamfuta. Yawancin masu nema daga ɗaya suka fito, don haka aikin farko shi ne ka gano inda kake da rauni, ka cike shi kafin ka nemi gurbi.

Fara da lissafi, nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa. Matsayin kowace gaɓa ta hannun mutum-mutumi da matiris, wato jadawalin lambobi, mai layi 4 da ginshiƙi 4 ake lissafa shi. Wanda kuma bai ƙware a lissafin yiwuwa ba, matatar Kalman za ta gagare shi, alhali da ita na'ura ke ƙiyasta inda take.

Sai manhaja. Ka koyi harsunan rubuta manhaja Python da C++, ka ɗora babbar manhajar Ubuntu a kwamfutarka, ka saka ROS 2, manhajar sarrafa mutum-mutumi, da Gazebo mai kwaikwayonsa, ka tuƙa mutum-mutumi a allo ba tare da ka sayi komai ba.

Daga nan ka gina na gaske, ko da ƙarami ne: taya biyu, moto biyu masu ƙirga juyin taya, allon lantarki na Arduino na kula da moto, ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi 4 na ɗauke da ROS, da MPU6050 mai auna karkata. A nan matsaloli ke fitowa, kuma su ne karatun. In ka haɗa Pi da moto a wuta ɗaya, da zarar moto ya ja wuta ƙarfinta zai faɗi, Pi ya mutu ya sake tashi. Ware wa Pi wutarsa, bolt 5, amfiya 3. Allon sarrafa moto na L298N da ya cika kasuwa yana cinye kusan bolt 2 ya mai da su zafi, TB6612FNG ya fi shi ga ƙananan moto. Taya kuma tana zamewa, sai lissafin tafiya ya riƙa kaucewa. Ka sa na'urar ta zagaya murabba'i mai mita 2 kowane gefe sau goma, ka auna tazarar da ta kauce kafin gyara da bayansa. Waɗannan alƙaluman sun fi bidiyo mai kiɗa daraja a idon farfesa. Ka ajiye komai a GitHub, shafin intanet na ajiye manhaja.

Wajen zaɓen makaranta, malami ake bi, ba suna ba. Cibiyar mutum-mutumi ta Carnegie Mellon a Amurka tun 1979 take, ETH Zurich a Suwizalan ta yi fice a na'urori masu tafiya da ƙafa. Duba takardun manyan tarukan masana mutum-mutumi, ICRA da IROS, na shekaru biyun baya, ka ga wa ke aikin da ya ja hankalinka. Ka kuma bambance digiri mai bincike da na kwasa-kwasai zalla. Mai burin digirin digirgir na farkon ya fi masa.

Jami'o'in Amurka galibi a Disamba suke rufe karɓar takardu. Suna neman wasiƙun shaida uku, sakamakon jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS, da bayanin manufa. A bayanin kada ka ce tun kana yaro kake son na'ura, kowa haka yake rubutawa. Faɗi matsalar da ka warware, ka kawo alƙaluma, ka ambaci ɗakin binciken da kake so da dalili. Masu rubuta maka shaida kuwa ka sanar da su wata biyu kafin lokaci, ka tura musu bayanin aikinka, don wasiƙar da babu misali a ciki ba ta da nauyi.